Yadda Na Ɗauko Yaya Rabi a Kan Yashi

Tun da na dawo daga Gure ban samu sakat ba a majalisarmu ta ƙofar gida. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce wai da gaske ne yashi na yi dako tun daga Nijar har Kano. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya tashi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni in huta.

Yaya Rabi ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma mu biyu muka rage. Ina saurayi ta auri wani Bamange mai fataucin kanwa, ta bi shi Gure. Ya daɗe da rasuwa, ita kuwa ta yi zamanta cikin 'ya'yanta. Bayan ƙaramar salla 'yarta Falmata ta kira ni ta ce Yaya ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, an kira mai ɗori amma ɗorin bai kama ba. Na sa suka turo hoton ƙashin, na kai wa wani likita a asibitin ƙashi na nan Kano. Ya duba ya ce a kawo ta da wuri, a kwance, kuma kada mota ta jijjiga ta, don in ƙashin ya ƙara gocewa, sake taka ƙafar nan sai wani ikon Allah.

Motata jif ce babba, tsohuwa, wadda na sayo a Kwatano tun ina da ƙarfin zuwa Kwatano. Direbana Malam Habu, wanda muka tsufa tare a cikinta, ya daɗe yana ce mini bayanta ya fara zama.

"Alhaji, sifirin ɗin baya sun gaji. Mu leƙa Ƙofar Ruwa kafin mu kama hanya."

Na ce masa babu lokaci, kuma mace ɗaya za mu ɗauko, ita ma ba ta kai nauyin buhun gero ba.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne unguwarmu. A Zaitawa ba a tafiya a ɓoye. Na zauna a Jidda, na zauna a Kartum, na yi shekaru a Abijan, ban ga inda matafiyi yake zama ɗan aiken gari gaba ɗaya kamar wurinmu ba. A Jidda in maƙwabcinka ya yi tafiya, sai dai ka ga ƙofarsa a kulle. Mu kuwa duk wanda yake da ɗan'uwa tsakanin Daura da Gure, ranar yake tunawa da shi. Kuma ba a cewa a'a. Wanda ka mayar wa da saƙonsa yau, shi ne gobe zai kama maka makara.

Jif ba ta shiga lungunmu, a bakin titi take kwana, don haka a baro aka riƙa fito da kaya. Kowa da kalmarsa ɗaya: "Ɗan saƙo ne, Alhaji, ba nauyi." Ɗan saƙon farko injin markaɗe ne. Sai keken ɗinki, sai jarkokin manja, kwalayen taliya, dilar atamfa, sai wata ƙofar ƙarfe da limaminmu ya ce a kai wa ƙaninsa a Mirya, aka ɗaure ta a sama. Habu ya zagaya baya ya tsuguna, ya sa hannu tsakanin taya da bakin bodi. Da ƙyar yatsunsa suka shiga.

"Alhaji, motar nan ta durƙusa."

"Zuwa ne kawai. Dawowa ba komai."

"To, Allah Ya sa ta san da haka."

Muka bi ta Kazaure da Daura, hancin mota yana kallon sama, duk ramin da muka faɗa sai ƙarfe ya daki ƙarfe a ƙarƙashinmu. A bakin iyaka aka yi abin da aka saba: zama, sa hannu, wani zaman. Na ƙetare iyakoki da yawa a rayuwata, kuma duk bencinsu ɗaya ne. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya tambaye ni da Faransanci, na ba shi amsa da Faransanci irin na Abijan, sai ya yi murmushi ya koma Hausar da ta fi tawa tsabta. Ya dubi kayan ya ce ko aure za mu kai. Na ce saƙon mutane ne. Bai ƙara tambaya ba, don shi ma ɗan unguwa ne a wani wurin.

Mutanen Nijar suna gina tudun rage gudu kamar masu gina katanga. A bakin Takeita muka hau wani, a hankali ma, sai muka ji ƙas! Mota ta karkata hagu. Habu ya shiga ƙarƙashi ya fito da guntun ƙarfe a hannunsa, murɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Ya ɗora shi a kan cinyata ya tada mota. Daga nan zuwa Damagaram keke ma wuce mu yake yi.

Mun shiga gari rana tana tsaka, lokacin da Damagaram take rufe ido. Shaguna a kulle, ofisoshi a kulle. Na san wannan al'ada a Masar, kuma da can ina yabonta, amma ba daɗin yabo ga wanda yayarsa take kwance tana jira. A Kano da bakanike zai ji ƙarar mota mai ciwo, ko loma ce a hannunsa zai ajiye. Wanda aka nuna mana, Malam Lawali, muka same shi a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Ya ɗaga kai ya dubi motar, ya ce sai bayan la'asar, ya mayar da kai.

Da ya tashi, ya zagaya ta ya ce a sauke kaya. Na dubi filin garejin: ba katanga, masu shayi, masu faci, masu jiran mota, ba wanda na sani. Kayan amana ba a baje shi a irin wannan wuri. In kwalin taliya ɗaya ya yi ƙafa, ba a Damagaram za a yi maganar ba, a Zaitawa za a yi ta, har jikokina. Na ce ba za a sauke ba. Ya ce ba damuwa, yana da jak ɗin da yake ɗaga manyan motoci.

Su can rasor suke ce wa sifirin. Ya ce irin na motata na asali babu shi a garin, sai an aiko daga Kano. "Ku da kuka fito daga inda ake sayar da shi," in ji shi. Habu ya dube ni, na dubi dalbejiya. Sai Lawali ya jawo waɗansu biyu daga bayan rumfa, kaurinsu ya kusa ninka na wanda ya karye.

"Waɗannan fa za su ɗauka?"

"Alhaji, da waɗannan ake ratsa sahara, mutane har saman mota, kowa da jarkarsa. Ba su san durƙuso ba."

Ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa tafiya a karkace, na ce a canza duka. Bai tambayi abin da za mu ɗauko a dawowa ba, ni ma ban faɗa ba. Dukanmu motar da ke gabanmu muke kallo, da injin markaɗenta da ƙofarta ta ƙarfe.

Habu ya kwana wurin mota, ni na sauka gidan wani tsohon mai masaukina a unguwar Zango. Aka kawo dambu da zogale, da biredin nan nasu mai tsawo kamar sanda, wanda in ya kwana sai a kashe maciji da shi. Sannan shayi, a ƙananan kofuna, zagaye bayan zagaye, kuma tashi kafin na ƙarshe rashin kunya ne. Na sha irinsa a hannun Buzaye ina matashi ban ji komai ba. Yanzu kuwa ciki ya tsufa.

Kashegari da hantsi aka sauke jak. Mota ta tsaya daidai, gaba da baya sak, tafin hannun Habu ya shige tsakanin taya da bodi har da saura. Kowa ya yaba. Na yi wa Lawali addu'a da zuciya ɗaya.

Sai rabon saƙo. Wanda bai taɓa yi ba yana zaton ajiyewa ne a wuce. A kowane gida sai ka zauna, a tambaye ka lafiyar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rasu ba a ji ba, ka yi ta'aziyya a tsaye, a dama fura. Injin markaɗe da keken ɗinki suka sauka a Damagaram. Ƙofar ƙarfe ta sauka a Mirya, inda ƙanin liman ya auna ta da ido ya ce ta yi wa ɗakinsa faɗi, kamar ni na ƙera ta. Manja ya sauka a Gidimuni, aka ba mu dabino. Kuma duk inda muka sauke kaya, sai in ji kujera ta ƙara tauri a ƙarƙashina. Da farko na ɗauka ƙashin bayana ne. Sai na ga Habu yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, hularsa tana taɓa rufi.

A ƙofar gidan Yaya na fito na dubi motar daga gefe. Kun san yadda raƙumi yake tashi, baya ya riga gaba? Haka ta tsaya. Tsakanin taya da bodi yaro zai iya sa kai.

Gure gari ne na yashi da haƙuri. Mangawa ba sa gaggawar gaisuwa. Sai an tsuguna, a yi ta wushe wushe da murya ƙasa-ƙasa, har ka manta abin da ya kawo ka. Ɗan Barbarcin da na tsinta a kasuwar Maiduguri ya fitar da ni kunya. Gidan duk ƙamshin turaren wuta, har a ɗakin mara lafiya. Na same ta a kan katifa a ƙasa, ta rame, an ɗaure ƙugun da karare da tsumma. Hausarta ta juya ta koma ta can, amma da ta gan ni sai Kananci ya dawo.

"Sule, ka tsufa."

"Ke fa, Yaya?"

"Ni karyewa na yi, ban tsufa ba. An ba ka abinci?"

Aka kawo burabusko da miyar kuɓewa busasshiya. Ina cikin ci Habu ya kai Falmata kantin magani a motar ya dawo da ita. Ta shigo tana dafe da tsakiyar kanta.

"Kawu, a wannan motar za a sa Inna?"

Na ajiye cokali. Na kira Lawali na gaya masa. Ya ce, "Haba Alhaji, ai ba ka ce mara lafiya za ka ɗauka ba." Na ce ai bai tambaya ba. Ya ce rasor ɗin sahara ba ya laushi sai ya ji nauyi, haka aka yi shi. In ina son na asali, in aika Kano in jira. Jira kuwa shi ne abin da ba mu da shi. Zazzaɓi ya fara zuwar mata da yamma, bayanta ya fara gyambo saboda kwanciya. Na nemi wata mota a garin, duk waɗanda aka nuna mini 'yan'uwan tawa ne a tauri, kuma ba mai ƙetare iyaka, sai an sauke ta an sake ɗorawa.

Ina zaune a ƙofar gida ina kallon yashin da ya cinye rabin katangar maƙwabta, sai na tuna direbobin Sudan. In za su dawo ba kaya a hanya marar kwalta, sukan zuba yashi a bayan mota don kada ta yi ta tsalle. Na gaya wa Habu. Ya ce, "Wato mun sauke na mutane, mu ɗauki na Allah."

Aka nemo buhuna. Muka kwantar da kujerun baya, muka jera buhunan yashi a kan saitin tayoyin baya, muka ɗora faffaɗan katako, muka shimfiɗa katifa. Habu ya rage wa tayoyi iska kaɗan. Don mu san ko ya isa, na sa aka cika kwano da ruwa aka ajiye a tsakiyar katifar, muka zagaya gari, Falmata tana kallon kwanon. Zagayen farko rabin ruwan ya zube. Aka ƙara buhuna. Muka yi ta yi, mutanen Gure suna tsaye a inuwa suna kallon Kanawa suna yawo da kwanon ruwa, har ruwan ya koma rawa kawai ba ya tsallake baki. Bayan mota ya sauko ya daidaita.

Mazan gidan suka ɗauko ta a kan wani katakon, suka zura ta a hankali. Hancinta ya kusa taɓa rufi. Ta lalubi buhun da ke gefenta ta ce mene ne wannan. Na gaya mata.

"Mutane a sama ake zuba musu ƙasa, ni a ƙasa kuka zuba mini. Alhamdu lillahi, ashe da saura."

Falmata ta zauna a gefenta tana riƙe da ƙafar. Muka taho kamar masu ɗauke da ƙwai. Duk tudun rage gudu sai na fita na tsaya a gaba ina yi wa Habu alama da hannu, taya ɗaya bayan ɗaya. A Damagaram ba mu sauke ta ba. Aka shigar da motar gidan mai masaukina, aka buɗe ƙofofi, aka rataya gidan sauro, a nan ta kwana.

A bakin iyaka wani jami'i ya buɗe bayan mota ya ga tsohuwa a kan buhuna.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Yashi ne."

Ya daɗe yana kallona. "A Kano ya ƙare ne?"

Na yi masa bayanin sifirin da ƙugu da kwanon ruwa. Ina yi ina jin yadda maganar take fita, ni kaina ban yarda da ita ba. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerarsa da abin da zan ce ke nan. Ya ce sai an sauke an duba. Na ce in an sauke buhu an sauke mara lafiya. Ya ce aikinsa ke nan. Muna cikin haka sai muryar Yaya ta fito daga ciki.

"Ɗan nan, matso in gan ka. In za ka sauke ni, bismilla. Amma kai za ka mayar da ni da hannunka, don na daina yarda da dabarar tsofaffin nan biyu."

Dariya ta ƙwace masa. Ya aika aka kawo ƙarfen nan mai rami da masu sayen hatsi suke soka wa buhu, ya soki duk wanda hannunsa ya kai, mafi yawa na gefen hagu. Yashi ya zubo masa a tafin hannu. Ya murza, ya shinshina, ya ce Allah Ya ba ta lafiya.

Habu ya toshe hujojin da leda, amma hanya ta riƙa buɗe su. Kafin mu bar Daura yashi yana tsiyaya a hankali, buhunan hagu suna lotsawa, katako ya fara karkata. Muka tsaya muka cusa babbar rigata da dardumar salla a ƙarƙashinsa. Ya ɗan daidaita. Gab da Kazaure wata tirela ta taho a hannunmu, Habu ya kauce, tayar baya ta faɗa rami. Yaya ba ta yi kuka ba tun daga Gure, ko a lokacin ɗaukarta. A nan ta yi ƙara sau ɗaya, gajeriya. Falmata ta ce, "Inna? Inna?" Yaya ta ce, "Ku tafi." Muka ci gaba da tafiya.

Ba mu biya gida ba, asibiti muka wuce. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe. Likitan ya ce ƙashin ya riga ya goce daga inda yake a hoton farko, sun gyara iyakar abin da zai gyaru, za ta taka, amma ƙafar hagu za ta fi ta dama gajarta. Na bi shi har bakin ofishinsa na ce ya gaya mini gaskiya: a hannun mai ɗori ya goce, ko a ramin Kazaure?

Ya ce, "Baba, ƙashi ba ya faɗin inda ya goce."

Har yau ina juya wannan tambaya, kuma na san ba mai ba ni amsarta. Ita motar, Habu ya kai ta an sa mata sifirin irin nata na asali, ta koma yadda take. Ban sake shigarta ba tukuna. Bayana bai huce ba.

Yaya tana ɗakin mahaifiyarmu yanzu. Na kai takalminta wurin wani baduku a Ƙofar Wambai ya ƙara wa na hagu tsayi da fata da roba. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ce a ba ta sandarta, za ta je zaure ta ga masu wucewa. Falmata ta miƙa hannu, ta ture. Ta tashi, ta tsaya har jiri ya sake ta, ta ɗaga ƙafa. Ni ina biye da ita a baya, na ɗan sunkuya, ina duban ko ƙugun ya daidaita ko har yanzu hagu ta fi zama. A tsakiyar tsakar gida ta tsaya tana haki, ba ta ko waiwayo ba.

"Sule, daina leƙen ƙuguna, ni ba motarka ba ce. Wuce gaba ka buɗe mini ƙofa."

Na wuce na buɗe.